Yadda ake gane gazawar zuciya a jikin mai matsananciyar ƙiba da yadda ake kula da ita

Mai jiki idan ya fara haki, kowa ma likita ne. Uwargida ta ce teɓa ce, abokai su ce ya rage tuwon dare, shi kansa ya ce ai nauyi ne. Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma a cikin masu wannan haki akwai waɗanda zuciya ce ta fara kasawa, kuma ƙibar da ta jawo ciwon ita ce take rufa masa asiri. Kumburi ya saje da jiki, haki a ɗora wa nauyi, har awon jinin da ake gano ciwon da shi yakan fito ƙasa da yadda ya kamata. Sai ranar da aka kwashi mutum da tsakar dare, a zaune, ya kasa kwanciya, sannan a ji likita na cewa zuciya ta kumbura, ruwa ya taru a huhu.

Nauyi iri biyu ne a jikin irin wannan majinyaci, na kitse da na ruwa. Na kitse shekaru ya ɗauka yana taruwa, a hankali kuma ake sauke shi. Na ruwa cikin kwana uku sai ya taru, shi ne mai kai mutum gadon asibiti. Matakan da ke tafe duk a kan bambance waɗannan biyun aka gina su.

Abin da ƙiba ke yi wa zuciya

Kitse nama ne mai rai, da jijiyoyinsa, yana kuma neman jini. Yadda jiki ke ƙara girma haka jinin da ke yawo cikinsa ke ƙaruwa, zuciya kuwa ita ce dai guda ɗayan nan. Injin ban ruwa ne da aka saya don eka ɗaya, aka wayi gari yana ba eka uku ruwa dare da rana. Da farko bangon zuciya yakan yi kauri don ya iya da aikin. Daga nan sai ya sandare, ya kasa sakewa ya karɓi jinin da ke dawowa. Jinin da bai samu shiga ba sai ya yi cincirindo a baya, ruwansa ya tsattsafo cikin huhu da ƙafafu da ciki. Ƙoda kuma ta ga jini ya ragu mata, ta ɗauka ƙarancin ruwa ne, sai ta riƙe gishiri da ruwa, abu ya ƙara lalacewa.

Ƙiba ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tafe da hawan jini, ciwon suga, toshewar numfashi cikin barci da rikicewar bugun zuciya, kowannensu kuma da hanyar da yake gajiyar da zuciya. A binciken garin Framingham na Amurka da aka wallafa a 2002, an bi mutum 5,881 na kimanin shekara 14, aka ga masu ƙiba sun ninka masu matsakaicin jiki wajen kamuwa da gazawar zuciya. A Afirka kuwa, wani bincike na 2012 da ya haɗa majinyata 1,006 daga ƙasashe 9, har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne kan gaba cikin musabbabai, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne. A wurinmu ke nan ciwon ba na tsofaffi tukuf ba ne, na masu riƙe da gida ne.

Mataki na 1: San matsayinka da sikeli da tef ɗin tela

Auna nauyinka da kilo, tsayinka da mita. Ninka tsayin da kansa, sannan ka raba nauyin da abin da ya fita. Mai kilo 120 da tsayin mita 1.68: 1.68 sau 1.68 ya ba da 2.82, a raba 120 da 2.82 a sami 42.5. Wannan shi ne awon da likitoci ke kira BMI. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 30 zuwa sama ƙiba ce, 40 zuwa sama matsananciya. Mai 35 da ke da hawan jini ko suga shi ma a sahun haɗari yake.

Sai ƙugu. A zagaya tef ɗin a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya, bayan an saki numfashi, ban da tsuke ciki. Namijin da ya haura santimita 102 da macen da ta haura 88 suna da kitsen ciki mai haɗari. Hanya mafi sauƙin tunawa: kada ƙugu ya kai rabin tsayi.

Wajen awon hawan jini akwai kuskuren da ake yawan yi wa masu jiki. Idan ƙyallen da ake ɗaura wa damtse ya yi ƙanƙanta, na'urar takan nuna hawan jinin da ya fi na gaskiya. Wanda kaurin damtsensa ya haura santimita 32 ya nemi a sa masa babban ƙyalle, idan kuma zai sayi na'urar gida ya duba girman da aka rubuta a jikin kwalin.

Mataki na 2: Bambance hakin nauyi da hakin ruwa

Nan ne ake yawan ɓacewa, don haka a natsu.

Hakin nauyi daɗaɗɗe ne, yau da jiya kusan ɗaya, yana zuwa da aiki, yana tafiya da hutu. Hakin zuciya sabo ne ko mai ƙaruwa. Masallacin unguwa da ake zuwa a bara ba tsayawa, bana sai an huta a hanya. Ya kuma fi tsananta a kwance, saboda ruwan da ya yini a ƙafafu yakan komo ƙirji da zarar an miƙe. Tambayi kanka: da matashi nawa nake kwana yanzu, da nawa nake kwana wata 6 da suka wuce? Wanda ya koma matashi uku, ko ya koma kwana a kujera, ko yake farkawa bayan awa biyu da kwanciya yana neman taga, kada ya ce zafi ne.

Akwai alamar da masallaci ya fi kowa saurin lura da ita: numfashi ya sarƙe cikin 'yan daƙiƙu da yin ruku'u ko sujada, ko da sunkuyawa wanke ƙafa wajen alwala. Tumbi kaɗai kan iya takura mutum, amma idan abin sabo ne yana kuma ƙaruwa, a gaya wa likita.

Kumburi kuma ga yadda ake gwada shi. Da yamma, zauna ka ɗora babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, ɗan sama da idon sawu, inda ƙashi ke kusa da fata. Danna da ɗan ƙarfi, ka ƙirga zuwa goma, ka ɗaga. Kitse yakan dawo nan take. Ruwa yakan bar rami, shatin yatsa sak, ya ɗauki lokaci kafin ya cike. Gwada ƙafa biyun. Ga wanda ke yini a kwance, a danna ƙasan gadon baya. Takalmin da ke shiga da safe ya ƙi shiga da yamma, da zoben da ya fara cin yatsa, duk labarin ɗaya ne. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana ciwo, wannan na iya zama gudan jini a jijiya, ranar za a je asibiti.

Sauran alamun su ne tarin dare, kasala mai nauyi, faɗuwar gaba, ƙoshi da loma kaɗan, da nauyi ƙarƙashin haƙarƙarin dama saboda hanta ta cika. Mutane kan kira wannan sanyi, ko basir, ko sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe wata da watanni, ruwa na ƙara taruwa.

Mataki na 3: A asibiti, san abin da za ka faɗa da abin da za ka nema

Kada ka ce "ina haki" ka yi shiru, don likitan da ke da layin mutum sittin zai kalli jikinka ya ce ka rage ƙiba. Ka ce: "Likita, wata uku da suka wuce ina hawa bene ba tsayawa, yanzu sai na huta sau biyu. Da matashi uku nake kwana. Ƙafata tana barin rami." Zo da duk magungunan da kake sha a leda, har na gargajiya da na kemis.

Gwaje-gwajen da ake sa ran yi su ne awon hawan jini da bugun zuciya, zanen bugun zuciya na ECG, hoton ƙirji, da awon jini na ƙoda, suga, yawan jini, sinadarin ƙarfe da ƙwayar maƙoshi (thyroid). Inda akwai hali akan ƙara awon NT-proBNP, wani sinadari da zuciya ke fitarwa idan tana cikin matsi. Mai ƙiba nasa yakan fito ƙasa, don haka sakamako mai kyau ba ya wanke shi idan alamu na nan.

Uban gwaje-gwajen shi ne hoton zuciya na eko. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Maiduguri da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai suna da likitocin zuciya. A takardar sakamako za ka ga haruffan EF da lamba a gabansu, wato kason jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu. Idan 40 ne cikin 100 ko ƙasa, ƙarfin matsawa ne ya ragu. Idan 50 ne zuwa sama, matsawa lafiya lau, amma wannan ba shaidar lafiyar zuciya ba ce. Masu ƙiba da yawa irin tasu gazawar ke nan: zuciya na matsawa daidai, sakewa ta cika ne ya gagara. An sha sallamar irinsu da cewa hoto ya yi kyau. Idan alamu na nan, tambayi likita kai tsaye ko zuciyar ta sandare.

Mataki na 4: Fara fitar da ruwa, sannan a kafa magani

Babu maganar motsa jiki ko rage abinci ga wanda huhunsa ke cike. Maganin fitsari ake fara bayarwa, galibi furosemide, wanda aka fi sani da Lasix. Yana fara aiki cikin awa guda, ya ɗauki kamar awa 6, shi ya sa ake shan sa da safe. A makon farko mutum na iya sauke kilo da yawa. Ruwa ne ya fita, kitse na nan daram.

Lasix sauƙi yake kawowa, ba shi ke gyara zuciya ba. Ga mai EF 40 ko ƙasa, rukuni huɗu ne aka tabbatar suna tsawaita kwana da rage kwanciya asibiti: dangin lisinopril ko losartan ko haɗin sacubitril da valsartan; dangin carvedilol ko bisoprolol; spironolactone; sai dapagliflozin ko empagliflozin. Wannan na ƙarshe asalinsa maganin suga ne, amma manyan gwaje-gwaje na 2021 da 2022 sun nuna yana amfanar masu sandararriyar zuciya ma, ko da ba su da suga.

Da ƙaramin awo ake farawa, a riƙa ƙarawa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da fara lisinopril ko spironolactone a koma awon ƙoda da sinadarin fotashiyam na cikin jini. Busasshen tari daga lisinopril ba dalilin jefar da magani ba ne, akan canza shi da losartan. Carvedilol kan sa kasala a makonnin farko kafin amfaninsa ya bayyana. Mai shan dapagliflozin ya kula da tsaftar gaba, don sukari ke fita ta fitsari.

Babban abin da ke mayar da mutane gado shi ne barin magani da zarar ƙafa ta saɓe. Na san kuɗi ne matsalar a gidaje da yawa. Gara ka gaya wa likita abin da aljihunka zai ɗauka ya zaɓa maka, ya kuma nuna maka hanyar inshorar lafiya, da ka riƙa sha kana tsallake kwana.

Mataki na 5: Sikeli kowace safiya

Wannan shi ne aikin gida mafi daraja, kuma mafi arha. Sayi sikelin da zai ɗauki nauyinka, don da yawa a kilo 120 ko 150 suke tsayawa. Ajiye shi a kan siminti ko tayil, ba kan kafet ba. Kowace safiya, bayan fitsari, kafin karin kumallo, da irin kaya ɗaya, hau ka rubuta a littafi. Nauyin da ka samu ranar da likita ya ce ruwa ya fita, shi ne ma'auninka, rubuta shi a saman shafi.

Ƙa'idar ita ce: ƙarin da ya wuce kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne. Babu tuwon da zai mayar da kansa kitsen kilo biyu a kwana uku. Sikeli yakan riga ƙafa da huhu ba da labari, don haka kira likita ranar, kada ka jira haki. Wasu likitocin kan rubuta wa majinyaci tun farko yadda zai ƙara Lasix na 'yan kwanaki idan haka ta faru. Tambayi naka.

Akasin haka ma haɗari ne. Lokacin zafin bazara, ko in ana gudawa da amai, jiki na iya bushewa: jiri in an miƙe, bushewar baki, fitsari kaɗan, nauyi ya faɗi ƙasa da ma'auni. A irin ranakun nan maganin fitsari da dangin lisinopril na iya taɓa ƙoda, sai a tuntuɓi likita ko za a dakatar da su na ɗan lokaci. Taƙaita shan ruwa zuwa lita 1.5 ko 2 ba na kowa ba ne, na wanda likita ya ce wa ne.

Kuma duk lokacin da likita ya ga kitse ya fara sauka, sai a sake sabon ma'auni, in ba haka ba ruwa zai cike gurbin kitsen ba tare da sikeli ya motsa ba.

Mataki na 6: Gishiri, dunƙule da kanwa

Inda gishiri ya je, ruwa ke binsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Gishirin da ake barbaɗawa ba shi ne babbar matsala ba. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kuma a tukunya ɗaya akan murƙushe huɗu ko biyar, a ƙara farin ɗanɗano, a ƙara gishiri. Ga garin da ke cikin ledar taliyar yara, ga yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani, burodi.

Sai kanwa, wadda mutane ba sa lissafa ta. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa, shi ne dai a cikin kanwa. Tun a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka rubuta yawan gazawar zuciya tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya ya nuna ba su kaɗai ba ne sanadi, amma sodiyam ɗin kanwa bai canza ba. Mai gazawar zuciya ya bar kunun kanwa, ya bar jiƙa ta don ciwon ciki, a rage ta a ɗanwake da miyar yauƙi, wake kuma a jiƙa shi tun dare maimakon a jefa masa ita.

A gidan da tukunya ɗaya ce, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebe wa majinyaci miyarsa kafin a sa dunƙule, a gyara masa da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro, attaruhu da lemon tsami. Makon farko zai yi mita, ya ce an mayar da shi saniyar ware. Cikin 'yan makonni harshe kan saba. Gishirin kanti da ake tallatawa ga masu hawan jini fotashiyam ne a ciki, haɗari ne ga mai shan spironolactone ko mai raunin ƙoda.

Mataki na 7: Zazzage ledar magani

Mai jiki ba ya rabuwa da ciwon gwiwa da baya, shi ya sa ba ya rabuwa da kemis. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam da haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda suna sa ƙoda riƙe gishiri da ruwa, suna kuma karya ƙarfin Lasix. Paracetamol ya fi aminci. Magungunan ciki masu kumfa in an jefa a ruwa galibi sodiyam ne. Maganin suga na pioglitazone ba na mai gazawar zuciya ba ne.

Sha-ka-fashe da sauran ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke sha gabanin biki sau da yawa dexamethasone ne ko danginsa. Abin da ake gani kamar cika da kyau, kumburi ne da kitsen ciki, tare da hawan jini da suga. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, likita ne zai janye mata a hankali.

Shayin rage tumbi na intanet ma a bar shi. Mafi yawa gudawa da fitsari yake sawa, an kuma sha samun sibutramine a cikin irin waɗannan kayayyaki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya da shanyewar jiki. Taba, shisha da giya ba sai an faɗa ba.

Mataki na 8: Yanzu a fuskanci kitse

Kada ka sa wa kanka burin komawa jikin samartaka. Burin farko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne a wata 6. Ga mai kilo 120, kilo 6 zuwa 12 ke nan, kwatan kilo zuwa rabin kilo a mako. Wannan kaɗai yana sauke hawan jini da suga, ya sassauta numfashi.

Fara da abin sha, don nan ne riba ta fi sauri. Robar lemon kwalba ta santilita 50 na ɗauke da sukari sama da giram 50, fiye da cokalin shayi 12. Zoɓo, kunun aya, fura da shayi mai kauri idan aka cika musu sukari ba su da maraba da ita. Sai mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa. A koma awo da cokali. Ƙosai ya koma alala, soyayyar doya ta koma dafaffiya, awara a rage mata wanka a mai.

Tuwo ba haram ba ne. Malmala biyu ta koma ɗaya, gurbin a cike da ganye: zogale, rama, alayyahu, kabeji, yakuwa, da wake, kifi, ƙwai ko nama marar kitse. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe sosai ba sun fi farar shinkafa riƙe ciki. Abincin dare a ci da wuri. Mai raunin ƙoda ya tambayi likita kan yawan ganye, ayaba da dabino saboda fotashiyam. Yunwar ganganci ta kwana da kwanaki kuwa haɗari ce ga mai shan maganin fitsari da na suga.

Wahalar ba a kwano take ba, a bakin mutane take. Da ka fara sauka za a fara: "Alhaji lafiya? Ka rame." Hajiya kuma a ce ko maigida ya daina cefane. Mun ɗauki ƙiba shaidar hutu da wadata, har muna tausaya wa wanda ke samun sauƙi. Shirya amsarka guda ɗaya, ka wuce.

Motsa jiki sai ruwa ya fita likita ya ba da izini. Fara da tafiyar minti 5 zuwa 10 a fili shimfiɗaɗɗe, bayan asuba ko da la'asar sakaliya, ka ƙara minti biyu duk 'yan kwanaki, har a kai minti 150 a mako. Ma'aunin sauri: ka iya magana kana tafiya. Idan magana ta gagara, ko ƙirji ya riƙe, ko jiri ya zo, tsaya. Wanda gwiwa ta hana tafiya ya yi tashi-zauna daga kujera da ɗaga ƙafafu a zaune. Ramar da ke zuwa ba tare da an neme ta ba, da rashin cin abinci, ba nasara ba ce, a kai wa likita.

Mataki na 9: Tambayi abokin kwana

Munshari mai ƙarfi da ke yankewa, a yi shiru, sannan mutum ya zabura yana jan numfashi, shi ne toshewar numfashi cikin barci. Mai shi bai sani ba, matarsa ko mijinta ne suka sani. Da rana sai gyangyaɗi a majalisa ko a bakin sitiyari, da ciwon kai da safe. Yana hana hawan jini jin magani, yana gajiyar da zuciya. Maganinsa na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, sai a yi tanadin batir ko sola saboda wuta. Kafin a same ta, a kwanta a gefe, a ɗaga kan gado, a nisanci ƙwayoyin barci, tramadol da kodin.

Mataki na 10: Allura da tiyata, ga wanda abinci da tafiya ba su isa ba

Ga mai BMI 40, sau da yawa ba sa isa, kuma wannan ba ragwanci ba ne. Jiki ne ke ƙara yunwa, yana rage ƙona abinci don ya komar da abin da ya rasa. A gwajin da aka wallafa a 2023 kan mutum 529 masu ƙiba da sandararriyar zuciya, waɗanda aka yi wa allurar semaglutide mako-mako sun sauke kashi 13.3 cikin 100 na nauyinsu a shekara, waɗanda ba a ba maganin ba kashi 2.6, haki ya ragu, tafiya ta ƙaru. A 2024 gwajin tirzepatide kan mutum 731 ya nuna raguwar kashi 38 cikin 100 na tsanantar ciwon ko mutuwa ta dalilin zuciya. Shaidar ta fi ƙarfi ga masu EF mai kyau, mai raunin matsawa sai da shawarar likitan zuciya. Suna da tsada, suna son firji, suna sa tashin zuciya, nauyi kuma kan dawo in an daina. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide, don haka ba abin saye a WhatsApp ba ne.

Tiyatar rage tumbin abinci ita ce ta fi sauke nauyi mai yawa ya kuma daɗe. Ana duba ta ga mai BMI 35 zuwa sama, bayan an daidaita zuciya, a asibitin da ke da likitan zuciya da ɗakin kulawa ta musamman, da sharaɗin shan bitamin har abada. Zuƙe kitsen fata don gyaran sura ba ya taimakon zuciya.

Azumi, salla da ciki

A ga likita tun Rajab ko Sha'aban. Wanda bai daɗe da sauka daga gadon asibiti ba, ko yake haki a zaune, ko ake ta canza masa awon Lasix, yana cikin marasa lafiyar da shari'a ta ɗauke wa azumi. Wanda ya daidaita akan iya mayar masa da magani tsakanin buɗa-baki da sahur, ya kuma kiyayi soye-soye da shan ruwa mai yawa a tashi ɗaya. Wanda sujada ke sarƙe wa numfashi ya yi salla a zaune.

Ke kuma da ke shekarun haihuwa, lisinopril, losartan, spironolactone da alluran rage ƙiba ba sa tafiya da ciki. Ki tattauna tazarar haihuwa da likita kafin ciki ya shiga, in kuma ya shiga ki sanar da shi nan take.

Lokacin da ba a jiran safiya

Numfashi ya sarƙe a zaune har magana ta gagara, tari da kumfa fari ko mai ruwan hoda, leɓe ya yi duhu, gumi mai sanyi, ciwon ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, suma, ko rikicewar hankali: a tafi sashen gaggawa nan take. A zaunar da majinyacin, bayansa a tsaye, ƙafafu na lilo a ƙasa, a sassauta masa kaya, a buɗe taga. Kada a kwantar da shi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a yi masa turare. A mota ma a zaune zai tafi, ba shi zai tuƙa ba. Kada kuma a bari a sa masa ƙarin ruwa a kemis don an ga ya galabaita. A ɗauki ledar magungunansa, takardar eko da littafin awon nauyi, a miƙa wa likitan da ya fara karɓarsa.